Wace Doka, Ta Wace Shekara?

A Sudan, idan ma'aikaci ya gaji da kai, kalma ɗaya yake jefo maka ta taga: "Ƙanun." Wato doka ce. Daga nan zance ya ƙare, sai ka naɗe takardunka ka ba na bayanka wuri. Mu Hausawan ƙasar nan mun ji wannan kalma har kunnenmu ya saba, domin kusan duk abin da mutum zai nema a hannun hukuma, takardar makaranta ce, ta fili ce, ko fasfon zuwa Hajji, sai an fara tambayarsa shaidar zama ɗan ƙasa, wadda a nan ake kira jinsiyya. Ita kuwa jinsiyya, tun zamanin Turawa tambaya ɗaya ce a gindinta: yaushe kakanka ya iso?

Ni ba lauya ba ne. Difloma gare ni a aikin jarida, sana'ata kuwa magana a rediyo. A Omdurman aka haife ni, garin da gidan rediyon ƙasa ya fara watsa shiri a 1940, kuma na yi shekaru ina gabatar da wani shiri na Hausa a wata tasha, inda masu sauraro ke bugo waya su faɗi abin da ya dame su. Yawanci ba ya wuce tsadar burodi, rashin ruwa a unguwa, sai gaishe-gaishen biki da suna. Amma da lokacin rajistar jarrabawar kammala sakandare ya zo, sai wayoyin su sauya. Tun da aka yi dokar rajistar jama'a ta 2011, aka fito da lambar ɗan ƙasa da ake kira raƙam waɗani, makarantu suka shiga neman wannan lamba, ita kuma ba ta samuwa sai an tabbatar da asalin mutum.

A ƙarshen 2017 wani dattijo ya bugo daga kudancin Hartum. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗana, tambaya gare ni. A kambo aka haife ni cikin Jazira, tun Ingilishi bai tafi ba. Ubana daga ƙasar Haɗeja ya taso zai je Makka, ya tsaya tsinkar auduga don ya sami guzuri, Allah bai nufa ya ƙarasa ba. Yanzu autana zai yi jarrabawa, an ce sai da lamba. Na je ofis, sun ce in kawo shaida cewa kakanninmu suna ƙasar nan tun shekara ta ashirin da huɗu. Na ce wa ya ce? Suka ce ƙanun. Ni ban yi boko ba. Kai da ka yi, haka ƙanun ɗin ya ce?"

Kambo, ga wanda bai san Sudan ba, shi ne sansanin leburori a gefen gonakin Jazira, inda dubban mutanenmu suka yi zuriya. Na ce masa, "Baba, ka ba ni mako biyu. In Allah ya yarda zan kawo maka amsa da takarda a hannu."

Dokokin Sudan suna nan birjik a intanet, amma kamar naman da aka yanyanka aka zuba a faranti suke, ba ka sanin wannan na rago ne ko na akuya. Dokar zama ɗan ƙasa kaɗai na sami kwafi uku, kowanne da ɗan bambancinsa, babu wanda ya nuna lambar jaridar gwamnati da aka buga shi ciki, babu wanda ya ce ni na soke wancan. Irin wannan ba a hawa iska da shi, domin abin da mai rediyo ya furta, gobe wani zai maimaita shi a gaban ɗan sanda. Wani abokina lauya da ke da ofis kusa da kotu a Omdurman ya ce mini gajeriyar magana: "Je ka taɓa takardar da hannunka."

Na karɓi wasiƙa daga tasharmu, na hau bas a tashar Shuhada, muka haye gadar Farin Nil ta wajen Mugran inda kogunan biyu ke haɗuwa, har titin Jami'a. Jami'ar Hartum tana cikin tsofaffin gine-ginen jan bulo na Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902, kuma tana da sashe na musamman da ake kira Maktabatus Sudan, inda ake tara abin da aka buga a ƙasar ko game da ita. A nan na sami wani dattijon ma'aikaci mai farar jallabiya, wanda ya karanta wasiƙata, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya ustaz, dokar kake so, ko tarihin dokar?" Na ce, "Baffa, ashe suna da bambanci?" Ya yi murmushi ya tashi.

Abin da ya fara ajiyewa a gabana shi ne kundin Ƙawaninus Sudan, manyan mujalladai da Ma'aikatar Shari'a ke bugawa, dokoki a jere bisa shekarun da aka yi su. An sake buga wannan kundi sau da yawa, kuma kowane sabon bugu yana kawo doka ne yadda take a ranar bugawa, an cire abin da aka soke, an cusa abin da aka ƙara. Sai dai a ƙasan shafi akwai ƙananan rubutu da ke cewa an gyara wannan sashe da doka mai lamba kaza ta shekara kaza. Waɗannan ƙananan rubutu su ne sawun ƙafa. Idan ka bi su, za su kai ka Gazita, jaridar gwamnati da aka fara bugawa tun 1899, wadda a cikinta ake shelanta kowace doka da kowane gyara. Gazita ba ta ɓoye komai, amma ba ta kuma taimakon malalaci. Fitowa ce bayan fitowa, an ɗinke su shekara-shekara, takarda ta yi ruwan ƙasa, wani wurin ƙurar habub ta shige har cikin ɗinki. Na zamanin Turawa kuwa, sai ka iya Ingilishi irin na alƙalan da.

Kwana huɗu na yi ina zirga-zirga tsakanin tsohon bugu da sabo, da littafin rubutuna mai bango shuɗi. A ƙarshe abin da na fito da shi ranaku uku ne kacal, amma cikinsu na ga tarihin mutanenmu kwance.

Ta farko ita ce 31 ga Disamba 1897. A 1948 Turawa suka yi dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, suka ce shi ne wanda yake zaune a ƙasar tun wannan rana, ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune tun lokacin. Da aka sami 'yanci, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta gaji wannan rana ba ta taɓa ta ba. Duk yaron Omdurman ya san cewa a Karari, arewa da garinmu, sojojin Kichina suka karya rundunar Halifa Abdullahi ranar 2 ga Satumba 1898. Ke nan ɗan ƙasa shi ne wanda Bature ya iske a gida. Akwai mutanen yamma da yawa da suka cika wannan sharaɗi, waɗanda suka zo tun kafin Mahdi da waɗanda suka zo don su bi shi. Amma ka duba lissafi. A Yulin 1903 aka yi yaƙin Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, sai wajen 1906 suka sauka a bakin Shuɗin Nil kusa da Sinnar, a garin da har yau yake amsa sunansa. Mutanen da suka bar gida don kada su zauna ƙarƙashin Bature, sai ga dokar Bature ta bar su a waje da tazarar shekara tara. Na daɗe ina kallon wannan shafi.

Ta biyu ita ce 1 ga Janairu 1924, wadda wani gyara na baya ya sa a madadin ta farko. Wannan ta shigo da mutanen Mai Wurno da duk waɗanda suka biyo hijira. Sai dai a 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, noman auduga na Jazira ya kankama, aka shiga neman hannaye. Ayarin mahajjata da ke tafiya a ƙasa daga Kano, Katsina, Haɗeja, Damagaram da Barno suka riƙa tsayawa suna aiki shekara biyu, shekara biyar, wasu har ƙarshen rayuwa. Da gumin waɗannan aka tsinci audugar da ta ciyar da baitulmalin Sudan shekara da shekaru, kuma su ne wannan rana ta biyu ta rufe wa ƙofa. Mahaifin dattijon nan yana cikinsu.

Ta uku tana cikin dokar 1994, wadda ta soke ta 1957 ɗungurungum. Sashe na 4 ya mayar da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, ranar 'yancin kai. Wanda aka haifa a Sudan kafin dokar, ko aka haifi ubansa a Sudan, yana zaune a ƙasar, kuma shi ko kakanninsa ta wajen uba suna zaune tun wannan rana, ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Wanda aka haifa bayan dokar kuma yana bin matsayin ubansa. A 2005 aka ƙara cewa wanda uwarsa 'yar ƙasa ce ta haihuwa yana da haƙƙi idan ya nema. A 2011, da Kudu ta ɓalle, aka sake taɓa dokar don a cire waɗanda suka zama 'yan Sudan ta Kudu, amma ranar 1956 tana nan daram.

Ashe ma'aikacin nan ba daga iska ya ƙago shekara ta ashirin da huɗu ba. Doka ce ta gaske, sai dai ta mutu shekara ashirin da uku kafin ranar da ya faɗe ta. Gawa ce aka bari a kan kujera tana sa hannu. Kuma da kwafin intanet kaɗai na riƙe, ko sabon bugun kundi kaɗai, da sai in ce mutumin ƙarya yake yi, alhali abin ya fi ƙarya wuyar magani: wanda ya koya masa aiki a zamanin waccan doka ya koya, shi ma haka zai koya wa na bayansa. Ba zan ce jahilci ne zalla ba. Akwai tsohon zargi da ke bin duk wanda ake kira Fallata ko Takari, cewa baƙo ne ko da a nan aka binne kakansa. Waɗanda suka kai shekaruna suna tuna Oktoban 2008, lokacin da jaridar Al-Ayyam ta buga wata hira da aka jingina wa shugaba Umar al-Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Fadarsa ta musanta, amma kafin ƙura ta lafa an yi zanga-zanga a Gadarif har an rasa rayuka. Inda irin wannan zargi yake, matacciyar doka ba ta rasa mai raya ta.

Da na nuna wa dattijon ɗakin karatu abin da na samo, sai ya ce, "Ka ga sarki. Saura mai unguwa." Ba da waɗannan kalmomi ya faɗa ba, da Larabci ya yi maganar, amma haka na fassara ta wa kaina, kuma haka na riƙa bayyana ta a rediyo daga baya. Dastur, wato tsarin mulki, shi ne sarki. Ƙanun da majalisa ke yi hakimi ne. A ƙarshen kusan kowane ƙanun akwai ɗan gajeren sashe da ke ba minista ikon fitar da ƙa'idojin aiwatarwa, waɗanda ake kira la'iha. Wannan dagaci ne. A ƙasa da ita akwai manshur, takardar umarni da shugaban ma'aikata ke aika wa na ƙasa da shi, wannan shi ne mai unguwa. Talaka kuwa bai taɓa ganin sarki ba, da mai unguwa yake kwana yake tashi. Wane fom za a cike, nawa za a biya, shaidu nawa za a kawo, ko sai dangin uba da ake kira asaba, ko sai da takardar umda ko shehun ƙabila, duk a waɗannan matakai na ƙasa ake yanke su.

La'iha ana samunta idan an yi haƙuri, domin tana fitowa a rataye da Gazita, sai dai ba ta zaune kusa da uwarta. Dole ka san shekarar da aka yi ta, ka buɗe fihirisar wannan shekara, ka bi da yatsa. Manshur kuwa galibi ba ya zuwa ɗakin karatu ko kaɗan. A aljihun tebur yake zama, ko a manne jikin bango da salatif har rana ta cinye rubutun. A ganina nan ne babbar matsalar take: takardar da ta fi kowace iko a kan talaka ita ce wadda ya fi wuya ya gani da idonsa. Amma ƙa'idar da lauyoyi suka tabbatar mini ita ce, na ƙasa ba ya saɓa wa na sama. La'iha ba ta da ikon ƙara sharaɗin da ya ci karo da ƙanun, balle manshur.

To idan ya saɓa fa? Wannan tambaya ta kai ni ga wata 'yar siririyar doka da ban taɓa jin an ambata a wani shiri ba, dokar shari'ar gudanarwa ta 2005, Ƙanunul Ƙada'il Idari. Shafukanta kaɗan ne, mutum zai karance ta kafin shayinsa ya huce a wajen mai shayin bakin ƙofa. Ta ce hukuncin da hukuma ta yanke a kan haƙƙin mutum ana iya ƙalubalantarsa a gaban alƙali, kuma ƙin yanke hukuncin da ya wajaba a yanke shi ma hukunci ne. Ta lissafa dalilai huɗu: wanda ya yanke ba huruminsa ba ne, ko ba a bi tsari ba, ko an saɓa wa doka ko an yi kuskure wajen aiki da ita, ko an yi amfani da iko ba bisa manufarsa ba. Kafin a je kotu sai an fara kai kuka a rubuce ga na sama, abin da ake kira tazallum, kuma idan kwana 30 suka wuce ba amsa, ana ɗaukar shirun a matsayin ƙi. Wa'adin shigar da ƙara kwana 60 ne. Yadda alƙalai suka yi aiki da irin waɗannan sassa kuwa yana cikin Mujallar Hukunce-hukuncen Shari'a, wadda ake bugawa tun 1956, da farko da Ingilishi, daga baya da Larabci. Na karanta shari'o'i kaɗan a ciki, na ma'aikatan da aka kora da na filaye, na ga cewa hukuma ma tana faɗuwa a kotu.

Ba ina cewa leburan kambo zai ɗauki lauya ya kai minista ƙara ba. Kuɗin motar zuwa kotun ma aiki ne. Amfanin sanin wannan doka ya fi kusa da haka. Ma'aikacin da ya san cewa kalmarsa ta baki za ta iya komawa takarda mai sa hannu, takardar kuma ta je gaban wani, yakan sake tunani.

Ranar shirin na zo da abokina lauya, na zo da hotunan shafukan da aka buga mini, kowanne da lambar doka da shekararta. Na karanta ranakun nan uku da Hausa a hankali, na ba da labarin Burmi da na Jazira, sannan na ce wa masu sauraro idan an ce musu ƙanun, su yi tambaya cikin ladabi: wane ƙanun, na wace shekara, sashe na nawa? Idan an ƙi su, su roƙa a rubuta musu. Wayoyi suka yi ta shigowa har lokaci ya ƙare. Wata tsohuwa ta bugo don kawai ta ce kakanta yana cikin ayarin Mai Wurno, ba ta taɓa sanin an taɓa cire su daga lissafi ba.

Dattijon ya aiko ɗansa ya karɓi kwafin sashe na 4. Suka koma ofishin da shi, da shaidu biyu tsofaffi da suka san haihuwarsa a kambo, da takardar shehun unguwa. Ba a sake ambata shekara ta ashirin da huɗu ba, amma an yi ta je ka dawo wata huɗu. Kafin lambar ta fito an rufe rajista. Yaron ya rasa wannan shekara, ya zauna jarrabawa a ta gaba. Da uban ya bugo yana godiya, na rasa abin da zan ce masa game da shekarar da ta tafi.

Daga nan ɗakin karatu ya zama mini wurin zuwa. A watan Yunin 2019, bayan an tarwatsa zaman dirshan na gaban hedikwatar soja, aka yanke intanet fiye da wata guda. Wani lauya, Abdul'azim Hassan, ya kai kamfanin Zain kotu ya yi nasara, aka mayar masa da layinsa shi kaɗai, sauran jama'a sai 9 ga Yuli. A waɗannan makonni duk wanda iliminsa na doka yake cikin waya ya koma makaho, mai tsohon kundi a kabad kuwa ya zama malami. A 2022 kuma, da rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nil kan neman da Hausawa suka yi na samun masarauta a tsarin mulkin gargajiya, aka kashe fiye da mutum ɗari a watan Yuli kaɗai, na tafi Darul Wasa'iƙ, gidan adana takardun ƙasa da Muhammad Ibrahim Abu Salim ya shugabanta kusan shekara arba'in. Can na ga dokokin ikon shehunai na 1922 da 1927, waɗanda da su Turawa suka ɗaure sarauta da ƙasar ƙabila, tsarin da Numairi ya rushe a farkon shekarun 1970 aka kuma dawo da shi daga baya. Jinin da aka zubar a Rusairis yana da saiwa a cikin waɗannan shafuka.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya faɗo Hartum. A watan Mayu wuta ta cinye ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman, da littattafai da takardun da aka yi shekaru ana tarawa. Ginin rediyo da talabijin na ƙasa ya zauna a hannun dakarun Da'amus Sari har watan Maris na 2024. Mu kuwa mun fita da abin da hannu zai iya ɗauka zuwa Gadarif. Cikin jakata akwai littafin nan mai bango shuɗi da hotunan shafuka kamar arba'in, tawadar wasu ta fara kodewa.

Yanzu ba ni da situdiyo, sai saƙonnin murya a WhatsApp daga mutanen da suka riƙe lambata. Tambayoyin sun koma na waɗanda takardunsu suka ƙone ko suka bari a gida suka gudu. Kwanan baya wata baiwar Allah ta aiko daga Kasala. Mijinta ɗan Nijar ne, ya rasu a hanya, ita 'yar ƙasa ce ta haihuwa, an ce mata 'ya'yanta uku ba su da rabo sai ta wajen uba. Na buɗe jaka na nemo shafin gyaran 2005, na zagaye sakin layin da jan biro, na ɗauki hotonsa na tura mata. Sannan na karanta mata shi da Hausa sau biyu, na ce ta nemi wanda zai buga mata shi a takarda kafin ta koma.